Mita Ɗari Uku na Yashi a Gaɓar Omaha

Tun kafin Jamusawa su harba harsashi ko ɗaya, teku ta riga ta galabaitar da sojojin ƙasa na Amurka da aka tura gaɓar Omaha, a yankin Normandi na Faransa, ranar 6 ga Yuni, 1944. Cikin duhun dare aka sauke su daga manyan jiragen ruwa, kusan kilomita 18 daga tudu, aka cusa akasarinsu a ƙananan jiragen katako na kamfanin Andrew Higgins, kowanne yana ɗaukar mutum 36. Iska ta yi ƙarfi, ita ce ma ta sa Janar Eisenhower, babban kwamandan harin, ya ɗage shi da kwana ɗaya. Sa'o'i suka yi igiyar ruwa tana wurgi da su, ga amai, ga sanyi, wasu suna kwashe ruwan da ya shigo jirgi da hular kwanonsu.

An yi musu alkawura kafin su taso. An ce jiragen sama za su ragargaza sansanonin abokan gaba, amma gajimare ya rufe gaɓar, matuƙan suka ji tsoron kada su kashe nasu, suka jinkirta sakin bama-baman, suka zube a gonaki can ciki. An ce tankoki masu iyo za su riga su isa. Daga cikin 29 da bataliya ta 741 ta saki a ruwa, 27 suka nutse. Kuma a kan tudun da ke kallon gaɓar akwai dakarun runduna ta 352 ta Jamus, waɗanda suka fi ƙarfin abin da aka faɗa wa yaran nan.

Ƙarfe shida da rabi na safe aka fara sauka, lokacin da ruwa ya janye. Da gangan aka zaɓi lokacin, don a ga turakun ƙarfe da gumagumai masu nakiya da Rommel, kwamandan Jamusawa, ya sa aka kafa. Sai dai wannan dabara a wuyan sojan ƙasa ta faɗa: dole ya ratsa kimanin mita 300 na yashi fetal, ba bishiya ba rami, da kayan da suka kai kilo 30 ko fiye a jikinsa. Ƙofar jirgin a gaba take, tana faɗuwa bindigogi masu sarrafa kansu suka samu mutane a cunkushe kamar tumaki a bakin garke. Wasu suka dira ta gefe, ruwa ya sha kansu, nauyin kaya ya ja su ƙasa. Waɗanda suka ɗaura bel ɗin iyo a ƙugu, da ya kumbura sai ya kife su, kai ƙasa. Kamfanin A na rejimanti ta 116 ya kusa ƙarewa cikin mintoci kaɗan. Ƙaramin garin Bedford a jihar Bajiniya shi kaɗai ya rasa 'ya'yansa 19 a wannan kamfani.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo baya. Waɗanda suka tsira suka laɓe bayan tarin tsakuwa a ƙarshen yashi, hafsoshinsu da yawa sun mutu, bindigogi sun toshe da yashi, rediyo ta jiƙe. A bayansu ruwa yana dawowa yana cinye masu raunin da ba sa iya jan jiki. Janar Bradley, kwamandan dakarun ƙasa na Amurka, daga cikin jirginsa, har ya fara tunanin karkatar da sauran dakaru zuwa wata gaɓa. Ba wani sabon umarni daga sama da ya ceci lamarin. Sajoji da ƙananan hafsoshi, tare da irin su Birgediya Norman Cota, su suka tattara mutum goma nan, ashirin can, galibi ba su ma san juna ba, suka fasa wayar ƙaya, suka hau tudun ta cikin nakiyoyi, suka ɓullo wa Jamusawa ta baya. Jiragen yaƙin ruwa kuma suka matso har suna neman taɓa ƙasa, suna luguden wuta kan ramukan bindiga.

Kafin dare sojoji kusan 34,000 sun sauka a Omaha. Fiye da 2,000 sun mutu, ko sun ji rauni, ko sun ɓace, kuma ƙasar da aka kama ba ta wuce zurfin kilomita biyu zuwa uku ba, nesa da inda masu tsara harin suka sa ran kaiwa a ranar.