Dusasshen Hasken Madannan Sitiyari: Lahani ne ko Tsari?

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da masu sayen motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka ke yawan kaiwa gaban masu gyaran wayar mota akwai batun hasken madannan da ke jikin sitiyari, wato maɓallan ƙara murya da amsa waya da daidaita gudu, waɗanda da dare ba a ganin rubutunsu sai da ƙyar. Wasu na ɗora laifin a kan batir, wasu na zargin dillali ya ɓoye lahani, kuma sau da yawa maganar takan ƙare ne da a cire ƙananan fitilun asali a sa masu shuɗin haske mai kashe ido. Batir ba shi da hannu a ciki, domin fitilun LED da ke bayan madannan wutar da suke ja ba ta taka kara ta karya ba, kuma batirin da ya iya tayar da inji ba zai gaza kunna su ba.

A mafi yawan motoci da gangan aka rage hasken, kuma dalilin yana cikin idon direba ne. A tantanin da ke bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu: masu aiki da rana, waɗanda ke rarrabe launi, da masu aiki a duhu, waɗanda ke dogara da wani sinadari da haske mai ƙarfi ke ƙarar da shi nan take, amma sake taruwarsa sosai kan ɗauki minti 20 zuwa 30. Wanda ya fito daga ɗaki mai fitila zuwa tsakar gida a daren da babu farin wata ya san yadda yake laluben hanya kafin idonsa ya washe. Direban dare ba ya samun cikakken sabo da duhu saboda fitilun motocin da ke tahowa, amma ɗan abin da ya samu da shi yake hango mai tafiya a gefen titi, ko babur marar fitila, ko tirelar da ta lalace aka bar ta ba alama. Sitiyari kuwa ya fi komai kusa da fuskarsa, don haka duk haske mai ƙarfi da aka ɗora a kansa yana rage masa wannan gani, sannan yakan yi inuwa a gilashin gefe. Shuɗin haske ya fi muni, domin ido na wahalar tsayar da shi, shi ya sa rubutu mai shuɗi kan yi dishi-dishi da dare duk ƙarfinsa. Kamfanin BMW ya shafe shekaru yana amfani da haske ruwan lemo saboda irin wannan dalili, Saab na ƙasar Suwidin kuma a 1993 ya sa wa motarsa samfurin 900 maɓallin da ke kashe hasken dashbod baki ɗaya, ban da agogon gudu.

Shekaru ma na da tasiri, tun da hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da ke isa na ɗan shekara 20 ba. Irin wannan direba ba ya buƙatar a farke masa sitiyari. Kusan kowace mota na da abin daidaita hasken ciki, ko dai ɗan gare-gare kusa da maɓallin fitilun gaba, ko ɗan tsinke a jikin agogon mota, ko a cikin saitin allo, kuma a yawancinsu hasken sitiyari na bin wannan saiti. Mota takan yi shekaru a hannun mutum an murɗa shi ƙasa, ba tare da ya san da zamansa ba. Haka nan ƙyallen ado da ake shimfiɗawa a kan dashbod yakan rufe 'yar na'urar da ke auna hasken waje, sai mota ta ɗauka dare ya yi da rana tsaka.

Lahani na gaskiya yana da alamominsa. Idan ɓangare ɗaya ya mutu ɗayan na ci, to fitilar ko mahaɗin wayarta ne. Idan kuwa hasken na ɗaukewa yana dawowa yayin juya sitiyari, ko hon ya fara yi yana ƙi, ko fitilar gargaɗin jakar iska ta tsaya a kunne, to abin da ake zargi shi ne siririyar waya mai faɗi da aka naɗe a bayan sitiyari, wadda ke warwarewa tana naɗewa don wuta ta isa sitiyari duk yadda aka juya shi. Ta cikin wannan waya umarnin fashewar jakar iskar direba ke bi, don haka tsinkewarta na iya nufin jakar ba za ta buɗe ba ranar haɗari. A nan ne sakaci ya fi yawa, domin mutumin da ya damu da dusasshen maɓalli shi ne kuma yake tuƙi wata da watanni da fitilar gargaɗi a kunne, wani lokaci ma a liƙe ta da baƙin salatif. Isa ga fitilun madannan a motoci da yawa sai an ciro jakar iskar, aikin da ba a yinsa sai an cire kan batir an ɗan jira wutar da ta rage ta sauka, kuma sai an daidaita naɗaɗɗiyar wayar a tsakiya kafin a mayar da sitiyari, in ba haka ba juyi ɗaya zuwa ƙarshe ya isa ya tsinka sabuwa.