Abincin da Yaro Ya Ƙi da Abincin da Jikinsa Ya Ƙi

Gabatarwa

Shekara uku ke nan ina taya yayata girki a gidanmu da ke Ibadan duk lokacin da aka yi hutu. Ɗanta na fari, wanda yanzu yake da shekara 7, yana da larurar galahanga, kuma jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Waɗannan abubuwa biyu ne mabambanta, amma mun daɗe muna ɗaukarsu abu ɗaya, kuma wannan kuskure ya kusa sa mu rasa yaron. Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana bambancin da ke tsakanin abincin da yaro ya ƙi ci da abincin da jikinsa ya ƙi karɓa, tare da nuna yadda mai girki zai bi da kowannensu. Abin da zan kawo na koye shi ne a bakin murhu da kuma bakin likitocin da suka duba yaron.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Galahanga ita ce kalmar da kafafen yaɗa labarai na Hausa suka fi amfani da ita ga larurar da likitoci ke kira otizim. Larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa take girma, wadda kan bayyana a wajen magana, da cuɗanya da mutane, da son maimaita abu ɗaya. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ne ya yi bayaninta a shekarar 1943 bayan ya nazarci yara 11, kuma tun a lokacin ya lura cewa wasu daga cikinsu suna da matsalar cin abinci. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita. Irin wannan yaro yakan ji wari, ko ɗanɗano, ko yauƙi, ko kaushin abinci fiye da yadda sauran mutane suke ji. Saboda haka idan ya ƙi miyar kuɓewa, ba taurin kai ba ne. Yauƙin ne ba ya iya jurewa a bakinsa.

Alaji kuwa matsala ce ta garkuwar jiki. Wani likitan yara a Biyana, Clemens von Pirquet, shi ne ya ƙirƙiro kalmar a shekarar 1906. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki takan ɗauki wani furotin da ke cikin abinci a matsayin abokin gaba, sai ta far masa. Alamominta sun haɗa da borin jini, da kumburin leɓe ko fuska, da amai, da sarƙewar numfashi. Yawanci sukan bayyana cikin 'yan mintuna zuwa awa biyu bayan an ci abincin. A shekarar 2004 dokar Amurka ta lissafa abinci takwas da suka fi jawo ta, wato madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande, gyaɗa, ƙwayayen itatuwa irin su ƙwallon kashu, alkama da waken suya. Daga farkon 2023 aka ƙara riɗi ya zama na tara.

Akwai kuma abu na uku, wato rashin iya narkar da wani abinci. Misali, mutane da yawa a kudancin Nijeriya cikinsu kan kumbura ko su yi gudawa idan sun sha madara mai yawa, domin hanjinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikinta, alhali galibin Fulani ba su da wannan matsala. Wannan yana da damuwa, amma ba ya toshe numfashi, kuma da yawansu sukan iya shan kindirmo kaɗan.

Kuskurenmu na Farko: Tilasta Ci

Lokacin da yaron yake shekara 4, abinci biyar kawai yake ci: farar shinkafa ba miya, burodi, soyayyen filanten, koko, da dafaffen ƙwai. Duk abin da aka ba shi ban da waɗannan sai ya ture. Gyaɗa ma yana ture ta, har yakan goge harshensa da riga idan ta taɓa bakinsa. Da yake ba ya magana sosai, babu yadda zai gaya mana cewa bakinsa ƙaiƙayi yake yi. Mu kuma muka sa gyaɗa a sahun sauran abubuwan da yake ƙi.

Wata rana mahaifiyarmu ta dube shi ta ce da yayata, "Yaron nan ya rame da yawa. Ku bar ni da shi, da gyaɗa na yi renonku duka." Yayata ta ce, "Mama, kun san ba ya sonta." Mama ta ce ai ba sai ya gani ba. Ta niƙa soyayyar gyaɗa ta dama masa a cikin koko. Ko rabin kofi bai sha ba leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, numfashinsa ya fara fita da ƙara. A asibiti aka yi masa allurar adirenalin, ya kwana ana lura da shi. Likitar ta ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Mama ba ta yi don mugunta ba. Ta yi abin da iyaye suka saba yi ne da yaro mai tsirfar abinci. Sai dai alaji ba a saba da ita ta hanyar ɗura a gida.

Kuskurenmu na Biyu: Hana Ci

Bayan wannan firgici sai muka koma ɗaya gefen. Wata maƙwabciya ta kawo shawara cewa a hana shi duk abin da aka yi da alkama da madara, wai hakan yana warkar da galahanga. Yayata ta ƙara da ƙwai don tsoro. Cikin abinci biyar da yake ci, sai aka cire burodi da ƙwai, aka kuma daina zuba madara a kokonsa, shi kuma ya daina shan kokon saboda launinsa ya canza. Saura shinkafa da filanten. Cikin wata biyu ya ƙara ramewa, ga taurin bayan gida, ga kuka da dare.

Da aka koma asibiti, likitar ta yi wa yayata faɗa. Ta ce gwaji ya nuna gyaɗa ce kaɗai matsalarsa, don haka babu dalilin hana shi sauran. Daga baya na karanta cewa tun a shekarar 2013 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar kada a yi amfani da hana alkama ko madara a matsayin maganin galahanga, domin babu gamsasshiyar hujja a kai. Wanda ya wajaba a hana alkama shi ne mai alajinta, ko mai cutar siliyak, wadda furotin ɗin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir yake lalata masa hanji. Shi ma sai likita ya tabbatar. Idan an tabbatar, abincinmu na gida ya wadatar, domin shinkafa, gero, dawa, masara, acca, doya da rogo duk ba su da gulutin. Burodi, taliya, cincin, fanke da tuwon semo su ne za a guje wa.

Yadda Ake Girki Domin Mai Alaji

Dokar a nan ɗaya ce: abincin da aka tabbatar yana cutar da yaro ba ya shiga cikinsa ko kaɗan. Dafawa ko soyawa ba ya kashe furotin ɗin gyaɗa. Wahalar ita ce gyaɗa tana ɓuya a wuraren da mutum ba ya zato. Tana cikin yajin tsire, domin da ƙuliƙuli ake haɗa shi. Tana cikin kilishi da dakuwa, da garin kunun yara da ake haɗawa da waken suya. Man gyaɗa na gida wanda ba a tace shi a masana'anta ba yana ɗauke da furotin ɗin, don haka ƙosan bakin titi ma sai an tambayi man da aka soya shi da shi. Haka lamarin yake ga mai alajin jatan lande: garin kirifish yana cikin kusan kowace miya a kudu, har da alala.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne injin niƙa. Injin da ya niƙa wa wata gyaɗa da safe shi ne zai markaɗa mana wake da tattasai. Don haka yayata ta sayi ƙaramin injin markaɗe na gida, kuma muka keɓe wa yaron turmi da cokali da kwano. Abincinsa ake fara dafawa a rufe kafin na sauran gida. Duk abin da aka saya a leda ko gwangwani sai an karanta jerin kayan da ke ciki, ko da an saba sayensa. A ƙarshe ma gyaɗa ta daina shiga gidan gaba ɗaya. An sanar da malamansa, kuma idan za a je biki da abincinsa ake tafiya.

Ya kamata kowa a gida ya san alamomin haɗari: kumburin harshe ko maƙogwaro, sarƙewar numfashi, dashewar murya, ko suma. Idan an ga ɗaya, asibiti za a nufa nan take. Ba a tsayawa ba da manja ko madara, kuma maganin ƙaiƙayi ba ya maye gurbin allurar adirenalin.

Wannan ba ya nufin a hana kowane jariri gyaɗa. Wani bincike da aka yi a Landan kan jarirai 640, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa fara ba su gyaɗa tun suna 'yan watanni ya rage kamuwa da alajinta da kusan kashi 80 cikin 100. Amma wannan rigakafi ne ga wanda bai kamu ba. Jaririn da ke da ƙyasbi mai tsanani ko alajin ƙwai sai likita ya duba shi tukuna.

Yadda Ake Girki Domin Mai Galahanga

A nan kuma manufar ita ce ƙara yawan abin da yaro yake ci, ba ragewa ba. Yaron da ya tsaya kan abinci biyu ko uku yana iya rasa sinadaran gina jiki. Likitoci sun sha ba da rahoton irin waɗannan yara da dasashinsu ke zubar da jini saboda rashin bitamin C, ko ganinsu ya raunana saboda rashin bitamin A.

Hanyar da ta yi mana amfani ita ce farawa daga abin da ya sani zuwa abin da ya yi kama da shi. Tun da yana son soyayyen filanten, sai muka yanka dankalin Hausa mai jan ciki daidai girman filanten muka soya. Da ya karɓa, muka shiga doya. Daga dafaffen ƙwai muka kai ga alala, domin duka biyun suna da santsi kuma ana iya yanka su. Farar shinkafa muka fara ɗiga mata manja kaɗan, bayan makonni ta zama dafa-duka marar yaji. Miyar lalo, wadda Yarbawa ke kira ewedu, har yau ba ya kallonta, mu ma mun ƙyale shi.

Sabon abinci kaɗan ake sawa, kamar cokali ɗaya, a gefen wanda ya saba ci, ba tare da sun taɓa juna ba. Idan ya taɓa ko ya sansana, wannan ma ci gaba ne. Akan kawo abu ɗaya sau 10 zuwa 15 kafin yaro ya yarda ya ɗanɗana, wani lokaci fiye da haka. Ba a duka, ba a ɗura, kuma ba a ɓoye masa abu a cikin abincin da ya amince da shi, domin idan ya gano zai iya barin wannan abincin ma. Lokacin cin abinci da wurin zama da kwano kada su riƙa canzawa. Mun kuma lura cewa idan ya taya ni wanke wake ko ɓare lemo, ya fi saurin kai su baki. Yayata tana da littafi da take rubuta abin da ya ci da abin da ya biyo baya, kuma da shi take zuwa ganin likita.

Kammalawa

Kamar yadda aka gani, ƙin cin abinci iri biyu ne a wajen irin waɗannan yara, kuma maganin ɗaya kishiyar na ɗayan ne. Abin da jiki ya ƙi, a nisanta shi gaba ɗaya. Abin da yaro ya ƙi saboda wari ko yauƙi, a riƙa kusanto da shi a hankali. Rarrabe su aikin likita ne, ba na maƙwabta ko na zato ba, musamman ga yaron da ba ya iya faɗin abin da yake ji. Yanzu ɗan yayata yana cin abinci iri 14. Mama da kanta take tambayar mai ƙosai irin man da ta yi amfani da shi kafin ta saya. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan hutun gwanda muke gwadawa. Ya sansana ta sau biyu.