Tana Kik Amma Ta Ƙi Tashi: Safiya Guda A Garejin Bolari

Da igiya aka jawo ta. Farar Hilux ce mai shan fetur, bayanta shaƙe da buhunan masara da aka ɗauko daga wajajen Kumo za a kai kasuwar Tudun Hatsi. Ta kwana a ƙofar gidan direba a Bolari, gari na wayewa ta ƙi tashi. Ina zaune a benci ina jiran a gama mini wani ɗan gyara lokacin da direban ya sauko yana share gumi, duk da sanyin hunturu. Kwana biyu ke nan yana fama, in ji shi. An canja fulogi, an canja kwayil, an sauke tanki an sa sabon famfon mai, har yanzu shiru.

Maigidan garejin dattijo ne, baƙin mai ya riga ya zauna a layukan tafin hannunsa. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya sa yaro ya ɗaga bonet, ya dafa gefen motar, ya ce, "Direba, shiga ka yi mata kik in ji."

Wannan "in ji" ɗin shi ne rabin sana'ar. Injin da ke da lafiyar matsi yana juyawa ne da ɗan tirjiya, kamar daka a turmi, kowane fistin sai ya yi kokawa da iskar da ya matse kafin ya wuce. Idan juyin ya zo da nauyi da kasala, batir ne ya yi sanyi ko kan batir ya yi tsatsa. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 10 ba yayin kik. Idan kuwa injin ya zarce da gudu sumul, babu tirjiya ko kaɗan, to gaban makanike yakan faɗi, domin alama ce ta taimin bel ya tsinke ko matsi ya gudu. Ta direban nan juyinta lafiya lau. Cikin daƙiƙa biyar dattijon ya cire batir, ya cire kik, ya cire babban aikin injin daga lissafi, bai kwance ko noti ɗaya ba.

Ya ɗaga hannu a daina. Masu mota da yawa ba su san cewa kik yana ƙonewa ba idan aka danne shi ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 babu hutu. Haka nan tura mota, da muka ɗauka maganin kowace cuta, ba ya amfani sai idan batir ko kik ne ya gaza. Motar da ke juyawa da kanta ta ƙi kamawa, ko daga Bolari za a tura ta har Dadin Kowa ba za ta tashi ba.

Daga nan sai tambayoyi, irin na likita. Da ta tsaya, tana tafiya ne ta mutu, ko kwana ta yi ta ƙi tashi? A ina ka sha mai na ƙarshe, gidan mai ko wajen 'yan bumburutu? An wanke injin? Da wane makulli kake tayar da ita? Wannan ta ƙarshen tana da dalili. Motocin zamani da yawa akwai 'yar ƙwayar lantarki a cikin kan makullinsu, idan aka yanko wani a kasuwa babu ita, motar za ta yi kik har gobe amma kwamfutarta, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, ba za ta saki mai ko wuta ba.

Injin fetur mai yake so da iska, da wutar da za ta kunna su, a daidai lokacin da fistin ya matse su. Aikin makanike shi ne ya gano wanne ne bai zo ba. Dattijon ya cire tiyon iska, ya fesa ɗan fetur a maƙogwaron injin, ya ce a sake kik. Da ta yi ɗan tari ta kama ta mutu, da an san wuta na nan, mai ne ba ya isowa. Ko gezau ba ta yi ba. Ya kwance fulogi guda, ya duba bakinsa, ya shinshina: a bushe ƙayau, babu warin mai. Ya maƙala shi a kwayil, ya jingina da ƙarfen injin, aka yi kik. Babu shuɗin tartsatsin da ake nema, babu ma ja.

A nan ne na ga fuskarsa ta sauya. Babu wuta, kuma nozul ba sa fesa mai. Abu biyu ba su cika mutuwa rana ɗaya ba sai idan uwarsu ɗaya. Ya leƙa ta taga ya zuba wa allurar da ke nuna juyin injin ido, aka sake kik, allura tana kwance ba ta ko motsa ba. A ƙasan injin akwai wata 'yar na'ura, sensa, da ke gaya wa birenbos cewa karanshaf yana juyawa da kuma inda fistin yake. Idan saƙonta bai iso ba, a wajen birenbos injin a tsaye yake, don haka ba ya ba da umarnin komai. Dattijon ya duba fiyus da rile tukuna, saboda su ne masu araha, sannan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila a baki. Ya jima yana bin waya da yatsa. Da ya fito sai ya kira direba ya nuna masa: wayoyin sensar a gutsure, ga tabon haƙori a jikin robar, ga ɓawon masara a lungun injin. Ɓera ne. Motar da ke kwana da hatsi ba ta rabuwa da su, musamman lokacin sanyi da suke neman ɗumin injin.

Ya fere wayoyin, ya haɗa, ya naɗe. Kik ɗaya ta tashi.

Waɗanda suka girmi wannan zamani a sana'ar sun koyi aiki ne a kan akori-kurar Peugeot, 404 da 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975. A waɗannan komai a fili yake: kafireta, distiribita, kontak, famfon mai da ke manne a jikin injin. Da sukundireba da ɗan yashin goge ƙarfe sai a tayar da mota a bakin hanyar Dukku. Hilux, wadda Toyota ta fara fitarwa tun 1968, ta zo ta gaje hanyoyin ƙauyukanmu, kuma kowane sabon samfuri da ƙarin wayoyi yake zuwa. A 1996, shekarar da aka cire Gombe daga jihar Bauchi, Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin nan na OBD-II, soket mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Yanzu ana samun matasa masu wannan na'ura a garejojin Gombe, kuma ina murna da hakan. Da an jona ta a Hilux ɗin nan, mai yiwuwa ta nuna lamba P0335, wato matsala a layin sensar karanshaf. Sai dai lambar ba ta ce sensar ce ta mutu ba, kuma ba ta san ɓera ba. Wanda bai iya bin waya ba zai sayo sabuwar sensa ya ɗaura a kan gutsurarriyar waya, ya ce kayan ne jabu.

Motoci masu shan gas, wato dizal, nasu labarin daban ne, don ba su da fulogin wuta. Zafin matsi ne ke kunna man. A tsohon injin 5L ana matse iska kusan ninki 22. Cutarsu ta yau da kullum ita ce "ta sha iska", wato mai ya ƙare ko tiyo ya tsage iska ta shiga layi. Sai a yi ta danna ɗan famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri, a sassauta notin bututun nozul a fitar da kumfa. Da sanyin asuba kuma hita fulogi da ya mutu yakan hana su tashi. Amma ina roƙon yaran gareji su kiyaye: wannan dabarar sassauta noti ta tsofaffin injuna ce. A sababbi irin 2KD matsin man yana haura 1,000 a ma'aunin bar, yana iya huda fata ya shiga nama.

Famfon mai kuwa ya zama abin zargi na farko, kuma ba a rasa dalili ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a 2024, direbobi suka koma shan mai na cikin cokali. Famfon da ke cikin tanki da fetur ɗin yake sanyaya jikinsa. Tanki kullum a ƙasa, famfo kullum cikin zafi yana zuƙar dattin gindi, dole ya gaji. Saboda an saba ganin haka, da mota ta ƙi tashi sai a ce famfo, ba a ko cire tiyo an ga ko mai na zuwa ba. Haka aka yi wa wannan direba: lafiyayyen famfonsa aka cire.

Da aka zo biya, direban ya zaro 'yan canji ya miƙa, ya ce, "Baba, ai waya kawai aka ɗaure." Dattijon ya karɓa bai ce uffan ba. Ni abin ya tsaya mini a rai. Ɗaurin wayar minti biyar ne, amma gano wayar ya ci kusan awa guda da shekarun da Allah kaɗai ya san adadinsu a ƙarƙashin motoci. Mutumin da bai yi gardama ba wajen biyan kuɗin famfo da kwayil da fulogin da ba su da laifi, shi ne yake ganin wanda ya warkar masa da mota bai yi aikin komai ba. Mu masu mota mu ne muka koya wa makanikai cewa kuɗi yana cikin canja kaya, tunani kuwa kyauta ne. Yaron da ke riƙe da tocila yana kallo, kuma darasin da zai ɗauka ke nan idan ya samu 'yancinsa ya buɗe nasa garejin.

Ƙungiyar makanikai ta ƙasa, NATA, tana da rassa a jihohi, kuma tana iya tsayar da kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, kowa ya sani tun kafin a ɗaga bonet. Kafin a kai can, ɗan'uwa mai akori-kura, ranar da taka ta yi kik ta ƙi tashi, kada ka yarda a sayo komai sai an nuna maka da ido abin da ya mutu. Wanda ya nuna maka kuma, ka biya shi kuɗin ganowa, ko da waya ɗaya ya ɗaure.