Lamba mai alƙaluma miliyan 41 da ta ƙi rabuwa

Ranar 12 ga Oktoba, 2024, wata kwamfuta a birnin San Antonio na jihar Texas ta Amurka ta kammala wani lissafi, ta tabbatar da lamba mafi girma da aka sani cikin lambobin da ba sa rabuwa. Irin waɗannan lambobi, kamar 2, 3, 5, 7 da 11, babu abin da ke raba su ba tare da saura ba sai 1 da su kansu. Wannan sabuwa alƙalumanta 41,024,320 ne. Da mutum zai karanta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya haura shekara ɗaya da wata uku bai kai ƙarshe ba.

Amma a taƙaice ake rubuta ta: a jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su da juna, sannan a cire 1. Masana na kiran wannan dangi lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa na ƙarni na 17. Sharaɗin dangin shi ne yawan jerin 2 ɗin ya zama shi ma lamba marar rabuwa. Sai dai cika sharaɗin bai wadatar ba. Jerin 2 sau 11, a cire 1, yana ba da 2,047, wadda 23 ke rabawa gida 89. Shi ya sa, bayan ɗaruruwan shekaru ana nema, 52 kacal aka samu.

Kowace ɗaya cikinsu tana haifar da abin da ake kira cikakkiyar lamba, wato wadda in aka haɗa lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, ita ɗin ake samu. Misali 6, domin 1 da 2 da 3 shida ne. Haka ma 28. Euclid na tsohuwar Girka ya ga wannan alaƙa tun kafin haihuwar Annabi Isa, Euler ya ƙarasa hujjarta a ƙarni na 18.

Wanda ya gano sabuwar, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia ne. Ya yi hayar dubban na'urorin sarrafa hoto na kwamfuta a ƙasashe 17, a ƙarƙashin shirin sa-kai na GIMPS da George Woltman ya kafa a 1996.

Ana yawan cewa irin wannan ganowa za ta ƙarfafa tsaron intanet. Maganar na buƙatar gyara. Gaskiya ne tsarin ɓoye bayanai na RSA, wanda bankuna da ofisoshi ke dogaro da shi, a kan lambobi marasa rabuwa aka gina shi: ninka biyu daga cikinsu abu ne mai sauƙi, warware sakamakon kuwa jan aiki ne. Amma waɗanda ke tsare asusun ma'aikaci alƙalumansu kusan 300 ne kawai, kuma darajarsu a ɓoyuwarsu take. Lambar da duniya ta riga ta sani ba ta kulle komai.

Euclid ya tabbatar cewa lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka. Ko dangin Mersenne ma haka yake, har yau babu wanda ya kawo hujja. Gidauniyar EFF ta Amurka dai ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara samo mai alƙaluma miliyan 100.