Ɗan shekara uku da hawan jini? Mu yi maganar dajin ƙoda na yara

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Maganar yau daga gidanmu ta fito. Bara yayata tana yi wa ɗanta mai shekara uku wanka, sai ta ji wani abu mai tauri a gefen cikinsa. Yaro yana wasansa, ba kuka, ba komai. Wasu suka ce tsutsar ciki ce, wasu suka ce saifa. Da muka je asibiti aka auna shi, aka ce jininsa ya hau. Wallahi ni da digirina sai da na ce, "Likita, hawan jini kuma? Ai ciwon manya ne." Da aka yi sikanin, sai ga ƙari a ƙodarsa.

Wannan dajin ana kiransa Wilms, sunan wani likitan tiyata Bajamushe, Max Wilms, da ya yi rubutu a kansa a 1899. Shi ne dajin ƙoda da ya fi kama yara, galibi 'yan ƙasa da shekara biyar.

To ina ruwan ƙoda da hawan jini? Ƙoda tana fitar da wani sinadari mai suna renin, wanda ke daidaita ƙarfin gudun jini. Idan ƙari ya danne ta, ko shi kansa yana fitar da sinadarin, sai jini ya hau. Kusan yaro ɗaya cikin huɗu masu wannan ciwo yana samun haka. Wasu kuma suna fitsari da jini, mu kuwa da mun ga haka sai mu ce tsargiya ce, shi ke nan.

Yadda ake gano shi: sikanin ciki, gwajin jini da fitsari, hoton ƙirji saboda huhu ne inda ya fi saurin bazuwa, sai hoton CT idan da hali.

Magani fa? A tsarin da asibitoci da yawa ke bi, ana fara allurar kashe ƙwayoyin daji na sati huɗu, ko shida idan ya bazu, don ƙarin ya ragu. Ana ba da maganin saukar da jini a lokacin, domin tiyata da jini a sama haɗari ce. Sannan a cire ƙodar, a ci gaba da allurai, wasu har da gashi. Yawanci bayan tiyata jinin yana sauka, kuma yaro yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya.

Ku saurara da kyau, nan ne muke faɗuwa. Da allura ta sa ciki ya sace, sai iyaye su ce ya warke, su daina zuwa. Kuɗi ma yana korar mutane, ban musa ba. Amma ƙarin yana nan, zai dawo. A ƙasashe masu arziki kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa. A nan Afirka ba mu kai haka ba, saboda zuwa a makare da barin magani a rabi. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin dajin yara guda shida da ta fi ba wa muhimmanci.

Roƙona: idan kun ji tauri a cikin yaro, kar a matsa, kar a kai wa wanzami ya yi tsaga, ƙarin yana iya fashewa a ciki. Ku je babban asibiti, ku ce a auna jininsa, a yi sikanin.

Ɗan yayata yana nan, har ya shiga nazire. Alhamdulillah. Ku tura wa wata uwa wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.