Yendi da kayan yaƙin da

Yendi gari ne a arewacin ƙasar Gana. Nan ne mazaunin Ya Na, sarkin Dagomba. A zamanin da, fataken Hausa masu zuwa Salaga sayen goro sukan yada zango a garin.

Kudu da Yendi akwai wani ƙauye mai suna Adibo. Ran 4 ga Disamba 1896, mayaƙan Dagomba suka tari sojojin Jamus a can. Dagomba sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma bindigoginsu na gargajiya ne. Sai mutum ya ɗura albarushi, ya danna shi da sanda, sannan ya harba. Kafin ya sake ɗurawa, abokin gaba ya yi harbi sau da yawa. Ɗaruruwan Dagomba suka mutu a ranar. Daga nan aka ƙone Yendi. Turawan kuwa ƴan kaɗan ne; baƙar fata ne suka riƙe musu bindiga. A 1899 Jamus da Ingila suka raba ƙasar Dagomba biyu, Yendi ta zauna a hannun Jamus har 1914.

Mai ziyara a Yendi yakan ga maƙabartar Jamusawa. Yakan kuma ga kabarin Babatu, mayaƙin Zabarmawa wanda ya rasu a garin a 1907. Wasu suna tunawa da shi don jaruntarsa. Mutanen da ya kama kakanninsu ya sayar kuwa, da baƙin ciki suke ambaton sunansa.

Wanda yake son ganin kayan soja da yawa sai ya gangara Kumasi. Akwai wata tsohuwar ganuwa ta Ingilishi a tsakiyar birnin, an mai da ita gidan tarihin soja. Gidan tarihi wuri ne da ake adana kayan da, a jera su domin jama'a su gani. A ciki akwai bindigogi da igwa da tutoci da lambobin yabo da hotuna. Wasu makaman daga Habasha da Bama aka kawo su, inda sojojin ƙasar suka yi yaƙi da Italiya da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu.

Su wane ne sojojin nan? Da yawansu ƴan arewa ne, kuma da Hausa ake magana a bariki. Shi ya sa ake ce musu "Hausawa", ko da mutum Dagomba ne ko Mosi. Ɗayansu, Alhaji Grunshi, shi ake cewa ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo, cikin Agusta 1914.

In saurayi ya tafi soja, gonarsa takan koma wuyan mata da tsofaffi. Wani ya dawo da rauni, wani bai dawo ba. Waɗanda suka dawo bayan 1945 ba su sami aiki da kuɗin da suka sa rai ba. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano a Ankara don kai kukansu wurin Gwamna. Aka harbe uku daga cikinsu, gari ya rikice. Bayan shekara tara, a 1957, Gana ta sami ƴancin kai.