Cire ƙazanta daga fentin mota

Cire ƙazanta daga fentin mota shi ne aikin raba fenti da abubuwan da suka manne masa har wankin yau da kullum ya kasa fitar da su, kamar ɓurɓushin ƙarfe, kwalta, ƙaron itace, kashin tsuntsu da tabon ruwa. An fi buƙatarsa ga motar da ta daɗe a ajiye a fili ko ta shekara ba ta samu kulawa ba. Ana yin sa ne kafin a goge fenti da folish ko a shafa masa kaki. Babbar ƙa'idar aikin ita ce a fara da hanya mafi sauƙi kafin a kai ga mai ƙarfi, domin abin da ya manne a saman fenti yana fita, amma fentin da aka kankare ba ya dawowa.

Yadda fentin mota yake

Yawancin motocin da ake ƙerawa tun daga shekarun 1980 suna da fenti hawa-hawa. A kan ƙarfe akwai rufin da ke hana tsatsa, sai fentin tushe, sai fentin launi, sannan a can sama akwai rufi garai-garai marar launi, wanda ke ba mota sheƙi kuma yake kare launi daga zafin rana. Kaurin waɗannan duka a motar da ta fito daga masana'anta yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Rufin sheƙin kaɗai yakan kai maikiron 35 zuwa 50, wato bai kai kaurin takardar rubutu ba. A kansa ƙazanta take zama, kuma shi ne ke ragewa duk lokacin da aka goge mota da ƙarfi.

Tsofaffin motoci da wasu da aka sake wa fenti suna da fenti mai hawa ɗaya, wanda launi da sheƙi suke haɗe. Ana gane shi idan aka goga ɗan folish da farin tsumma, launin motar ya fito a jikin tsumman.

Ire-iren ƙazanta

Ɓurɓushin ƙarfe yana fitowa ne daga birki, layin dogo da masana'antu. Yakan nitse cikin rufin sheƙi ya yi tsatsa, sai a ga ɗige-ɗige masu ruwan goro, musamman a farar mota. Kwalta takan fantsalo daga titi ta manne a ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi. Ƙaron itace yana ɗigowa a kan motar da ake ajiyewa a inuwar bishiya, ya bushe ya yi tauri. Kashin tsuntsu da gawar ƙwari suna ɗauke da sinadarai masu cin fenti, kuma zafin rana yana ƙara musu sauri. Tabon ruwa kuwa gishirin ma'adinai ne, irin su kalsiyam da magnesiyam, da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari idan ya bushe a jikin mota.

A Afirka ta Yamma akwai ƙarin matsalar ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsakanin watan Nuwamba da Maris. Ita ƙurar ba ta mannewa sosai, amma share ta da busasshen tsumma yana barin siraran zane a jikin fenti.

Gano matsala

Bayan an wanke mota ta bushe, ana sa hannu a cikin siririyar leda a shafa fentin a hankali. Leda tana sa yatsu su ji duk wani kaushi. Idan aka ji kamar yashi, akwai ƙazanta da ta manne. Idan wurin sumul yake amma tabo na nan, to abin ya riga ya ci cikin fentin, wanki ba zai fitar da shi ba.

Matakan aiki

Ana yin aikin ne a inuwa, jikin mota a sanyaye, domin zafi yana busar da sinadarai kafin su gama aiki.

Matakin farko shi ne wanki. Ana fara kora ƙura da ruwa mai yawa kafin hannu ya taɓa motar. Sannan a wanke da sabulun mota daga sama zuwa ƙasa, da bokiti biyu: ɗaya na ruwan kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashi ya koma jikin fenti.

Mataki na biyu shi ne narkar da ƙazanta da sinadarai. Ana cire kwalta da maganin da aka yi dominta, ƙaron itace kuma da sifirit na aisofurofil. Maganin ɓurɓushin ƙarfe yana ɗauke da gishirin tayogilaikolet, wanda ke rikiɗa ya koma shunayya idan ya haɗu da ƙarfe, kuma yana da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ana fesa shi, a bar shi 'yan mintuna, a ɗauraye kafin ya bushe. Tabon ruwa marar zurfi yakan fita da binega da aka sirka da ruwa.

Mataki na uku shi ne amfani da yumɓun gyaran fenti. Wannan ba yumɓun ƙasa ba ne, wani irin roba ne mai laushi da aka cuɗa da gari mai ɗan kaushi. An ƙirƙiro shi a Japan a ƙarshen shekarun 1980, ya shiga kasuwar Amurka a farkon shekarun 1990. Ana jiƙa wurin da ruwa mai santsi, a riƙa jan yumɓun gaba da baya ba tare da dannawa ba, har sai ya daina cijewa. Idan gefensa ya yi datti sai a ninke shi. Wanda ya faɗi ƙasa jefar da shi ake yi, saboda ya kwashi yashi. Ana sa wannan mataki bayan na sinadarai ne don a rage abin da yumɓun zai ja a kan fenti.

Mataki na ƙarshe shi ne folish da kariya. Folish yana kankare ɗan abu kaɗan daga rufin sheƙi don ya daidaita zane da dusashewa. Masu sana'ar sukan auna kaurin fenti da na'ura kafin su fara. Daga nan a shafa kaki ko wani rufin kariya, domin matakan baya sun cire duk kariyar da ke jikin motar.

Kurakuran da aka saba yi

Wanke mota da garin sabulun wanki yana cire kaki ya bar fenti a buɗe. Tina tana iya narkar da fenti, musamman wanda aka sake fesawa, fetur kuma yana da haɗarin gobara. Soson ƙarfe da kankara da reza suna barin zanen da sai an sake fenti. Ana so mai aiki ya sa safar hannu, ya yi aiki inda iska ke wucewa, ya kuma fara gwada kowane magani a wani ɓoyayyen wuri.

Iyakar aikin

Idan rufin sheƙi ya fara fari-fari, yana tsagewa ko yana ɓarewa, musamman a kan rufin mota da bonet, to rana ta riga ta kashe shi. Haka nan idan tsatsa ta taso daga ƙarƙashin fenti ta kumbura shi. A irin wannan hali yumɓu da folish ƙara ɓarna suke yi, sai dai a kai motar wurin mai fenti a kankare a sake fesawa.